Aron Fuskar Kwamfutar Bapak

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo da zagin Pakdhe Marsudi, ku ɗan sassauta masa, dattijo ne kuma yana fama da hawan jini. Ke kuma da kika ce miyarki ta ƙone saboda shafin jiya, ba ni na ce ki shiga kicin da waya a hannu ba. Ga na yau.

*

"Ba za a rubuta ba."

Pakdhe Marsudi bai ɗaga murya ba da ya faɗi haka. Juya cokali kawai yake yi a kofin shayin da sukarinsa ya daɗe da narkewa. Shi ne yayan marigayi Pak Suwarso, kuma tun ranar da aka kai ƙanin nasa makwanci ya naɗa kansa mai gadin duk wata kalma da mamacin ya taɓa furtawa, har da waɗanda ya faɗa cikin fushi.

Wening, 'yar marigayin, ta dubi mahaifiyarta. Bu Sumirah tana zaune a ƙasa tana ninke kwalayen da za a zuba wa baƙi shinkafa jibi, ranar addu'ar cika kwana ɗari. Ba ta ɗago ba. Ta lanƙwasa wannan kunnen, ta lanƙwasa wancan, ta ɗora kwalin a kan 'yan'uwansa.

"Pakdhe, suna ne kawai," in ji Wening. "Layi ɗaya a bayan littafi."

"A na arba'in an sa?"

"Ba a sa ba."

"To me ya canza daga arba'in zuwa ɗari? Mamacin ne ya dawo ya ce ya janye?"

A kan ɗan littafin Yasin ake wannan ja-in-ja, wanda ake miƙa wa duk wanda ya zo addu'a, hoton mamaci a gaba, sunayen iyalinsa a shafin ƙarshe. Shekara ashirin da shida Pak Suwarso ya yi yana tsara wa mutanen garin Pekalongan irinsa a ɗan shagonsa na gaban gida, bai taɓa manta sunan ko jikan wani ba. Yau ga shi nasa ake yi, ana gardamar ko ɗan cikinsa zai shiga.

"A kujerar nan nake zaune," in ji Pakdhe, yana buga hannun kujerar. "Ranar Sallah ce, dangi cike da ɗakin nan. Ya ce, Danang, teku ta ci min ƙane, ba za ta ci min ɗa da yardata ba. In ka taka jirgin kamun kifin nan, kada a rubuta sunanka a ƙarƙashin nawa. Da kunnena na ji. Yaron ya sumbaci hannun uwarsa, ya saɓa jaka ya fita. Shekara shida ke nan. Ya taɓa aiko da ko gaisuwa?"

Bu Sumirah ta ɗauki wani kwalin.

Wening ce ma ta fi kowa rashin bakin magana. A makon da yayan nata ya tafi, ita da hannunta ta toshe lambarsa, ta goge ta, saboda tafiyarsa ce ta dawo da ita gida daga makaranta ta zauna da tsofaffi biyu da ba sa magana da juna. Ranar da Bapak, mahaifinsu, ya rasu, da dangi suka tambayi ko akwai mai lambar Danang, ta ce ba ta da ita. Gaskiya ta faɗa. Amma tun daga ranar wannan gaskiyar take hana ta sakewa, kuma tana kewarsa yadda ba ta taɓa zaton za ta yi kewar mutumin da ke cinye mata naman da ta ɓoye a ƙasan shinkafa ba.

"Ni dai a gama," in ji Pakdhe. "Mai ɗab'i ya ce in ba a kai masa aikin kafin magariba ba, sai dai mu sallami mutane da kwali babu littafi. Ina aka kwana?"

"Aikin yana cikin laftop ɗina, saura gyara kaɗan. Fuskar ce babu."

Ranar Litinin ruwan teku ya sake malalowa lungunsu, babur ya zame da ita, jakarta ta bugi dakali. Laftop ɗin yana kunnuwa, kana jin numfashinsa, amma gilashin ya yi baƙi ƙirin. Mai gyara ya ce sabo sai ya yi mako biyu kafin ya iso daga Jakarta. Sai ya ara mata wata baƙar waya mai kai biyu, ya koya mata dabara.

"Ya ce in ina da wata fuskar, in jona. Kwamfutar Bapak irin wadda komai nata ke cikin gilashin ce, kuma ya ce tasa tana karɓa."

Bu Sumirah ta ajiye kwalin da ke hannunta.

"A'a."

Ita ce kalmarta ta farko tun da aka zauna.

"Bu, ba shiga cikinta zan yi ba. Fuskarta kawai zan ara. In jona wayar nan daga nawa zuwa bayanta, abin da ke cikin nawa ya fito a gilashinta. Kamar ki ari tukunyar maƙwabciya ki dafa shinkafarki."

"Talabijin ɗinmu fa?"

"Bu, talabijin ɗinmu ya girme ni. Ba shi da ramin da wayar za ta shiga."

"Ki je gidan wata ƙawarki."

"Ruwa ya tsare hanya har gada."

Pakdhe ya tura kofinsa gefe.

"Dik Sum, na'ura ce fa, ba kabari ba. Kwana casa'in da takwas kin lulluɓe ta da zanen aurenki. Ni a sanina Suwarso ba ya ajiye komai a cikinta sai katin biki da littafin mamata. Ko so kike a ce mutumin da ya yi wa rabin garin nan littafi, shi an rasa mai yi masa?"

Bu Sumirah ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Uku da kwata. Ta daɗe tana kallonsa, kamar wadda ke lissafin ko shinkafar da ta ɗora za ta nuna kafin baƙi su iso.

"Ƙarfe nawa za ki gama, Nduk?" ta tambayi 'yarta.

"Awa ɗaya ta ishe ni."

"Kafin huɗu da rabi ki kashe ta. Ki zare ta daga bango ma."

"Me ya sa huɗu da rabi?"

"Na ce miki kafin huɗu da rabi."

Aka kira la'asar. Pakdhe ya gyara hularsa, ya ce daga masallaci zai biya wajen masu kafa rumfa, sannan ya dawo ya duba shafin ƙarshe da idonsa. Bu Sumirah ta kwashi kwalayenta ta yi kicin.

*

Labule ne kawai tsakanin shagon da cikin gida. Wening ta ɗaga shi ta shiga.

Har yanzu ɗakin yana warin takarda da tabar kanumfari. An jingine tabarmin masallaci a bango bayan kujerar Bapak, guda goma sha biyu a naɗe, na addu'ar jibi. Matashin kujerar yana nan da lotsawar da zaman shekaru ya yi masa. Ba ta iya zama a kai ba. Ta janyo ɗan benci ta zauna a gefe.

Ta yaye zanen a hankali, ta ninke. Ga tabarau ɗinsa a gindin gilashin, ga 'yar sifikar da ya jona tun da kunnensa ya fara nauyi.

Mai gyara ya ce mata a bayan kwamfutar akwai ramuka biyu masu kama ɗaya, ɗaya yana fitarwa, ɗaya yana karɓa, kuma in ta jona a mai karɓa sai ta danna wani ɗan maɓalli a gefen gilashin. Duk ta ji. Amma ita 'yar uban nan ce, ba ta leƙa bayan abu in hannu zai iya lalubowa. Ta zura hannu, ramin da yatsanta ya fara tarar da shi ta cusa wayar a ciki, ta kunna.

Gilashin ya yi haske. Ta jira aikinta ya fito.

Bai fito ba. Kwamfutar Bapak ce ta farka da kayanta, babu ko kalmar sirri, domin mutumin da ke manta inda ya ajiye tabarau yana sanye da shi ba zai iya riƙe kalmar sirri ba. Ga katunan biki a jere, ga littattafan mamatan unguwa. Wening ta miƙa hannu za ta canza rami, sai wata taga ta buɗe da kanta a tsakiyar gilashin, ta manhajar kiran bidiyo.

Suna ɗaya ne kawai a ciki: Mai Kawo Takarda.

Kusa da sunan akwai ɗan hoto. Wani mutum ne baƙi da rana, da gemu, sanye da rigar leda ruwan ɗorawa, teku a bayansa. Ta san wannan kunnen da ya ɗan karkace. Ita ta ja shi ya karkace, in ji shi, tun suna yara.

"Mas Danang," ta faɗa a hankali.

Ta kama linzamin kwamfutar, ta ja hirar har can sama. Shekara biyu da suka wuce aka fara ta, ta adireshin shagon da ke buge a bayan kowane kati.

*Pak, ni ne. Ba sai ka amsa ba.*

Mako uku babu komai. Sannan amsar Bapak, kalma uku:

*Kana cin abinci?*

Daga nan kira ne reras. Duk Alhamis, huɗu da rabi, ranar da kyaftin ke buɗe wa ma'aikata intanet ɗin jirgi. Minti ashirin, minti arba'in, wata rana har awa guda. Duk Alhamis, daidai lokacin da Ibu, mahaifiyarsu, ke tafiya karatun mata a masallaci, ita kuma tana wajen aikinta na zanen batik a kan yadi. Wening ta tuna yadda Bapak ke rufe ƙofar shago ranar Alhamis da yamma ya ce lissafin takarda zai yi, kada a dame shi.

Saƙonsa na ƙarshe ranar Alhamis ne, kwana ɗaya kafin ya faɗi a bakin famfo yana alwala.

*Le, ɗana, na yanke shawara. Ranar Sallah in an gama gaisuwa zan zaunar da ibunka a kujerata ta gan ka. Pakdhenka ma zan kira shi, a gabansa na yi maganar, a gabansa zan haɗiye ta. Ka ƙara haƙuri, kwana goma ne. Kuma ka aske gemun nan, za ka tsorata ta.*

Ƙasa da shi babu sauran baƙin rubutun Bapak. Jan layi ne kawai, kira bayan kira da ba a ɗauka ba. Alhamis goma sha uku, ban da ranar Sallah da ya kira sau bakwai.

*Pak, na aske. Na sa riga mai maɓalli. Ina jira.*

*Pak, har an rufe mana intanet. Wataƙila baƙi ne suka yi yawa. Barka da Sallah. Ka yafe min.*

*Pak, ko wutar unguwa ce?*

*Na gwada layin Wening, ba ya shiga. Na san ta toshe ni, ban ga laifinta ba. Ibu kuma ka ce har yau ba ta yarda ta riƙe waya ba.*

*Na yi maka alkawarin ba zan nemi kowa ba sai ka ba ni izini. Ina riƙe da shi. Amma yana da nauyi.*

*Ka faɗa wa Pakdhe ne ya hana?*

Na makon jiya ya fi kowanne gajarta, kuma shi ne ya karya ta.

*Pak, in ka sake yin fushi da ni ne, ba sai ka yi magana ba. Ka kunna ta kawai, ka san da kanta take ɗauka. In ga ɗakin ma ya ishe ni.*

Wening ta toshe bakinta da zanen auren uwarta. Kuka take yi irin wanda ba ta yi ba ranar jana'iza, don a ranar aiki ya yi mata yawa.

Sai ta ji takun silifas daga kicin.

Da sauri ta leƙa bayan kwamfutar, wannan karon da ido. Ga ramuka biyun, ga 'yar kibiya a kan kowanne. Ta zare wayar ta mayar ɗaya ramin, ta lalubo maɓallin gefe ta danna. Gilashin ya ƙifta, ya yi duhu, ya dawo. Hirar ta ɓace. Aikinta ya cika fuskar: hoton Bapak da baƙar hularsa a hagu, shafin sunaye a dama.

Bu Sumirah ta shigo da kofin shayi da soyayyar ayaba a faranti. Ta dubi gilashin, ta dubi 'yarta. Ta ajiye farantin a hankali.

"Ya yi, Bu. Kin gani? Aron fuska kawai."

"Goge hancinki."

Wening ta goge.

"Kin gani ke nan," in ji uwar.

"Na ga me?"

"Mai kawo takarda."

Wening ta juyo gare ta. Bu Sumirah ba ta zauna a kujerar mijinta ba ita ma. Ta koma bakin labule ta zauna a kan buhun shinkafar da ke nan kullum, wanda Wening ta sha tambayar dalilin da ya sa ba a kai shi kicin.

"Tun yaushe, Bu?"

"Wata Alhamis ce aka yi ruwa, malamarmu ba ta zo ba. Na dawo ta baya. Ina cire mayafi na ji babanki yana dariya shi kaɗai a shago. Shekara huɗu ban ji wannan dariyar ba. Na matso. Sai na ji wani yana ce masa, Pak, kifin nan ya fi ka tsawo."

"Ba ki shiga ba?"

"In shiga in ce me? Mutumin da ya yi rantsuwa a gaban dangi, matarsa ta kama shi yana warwarewa a ɓoye? Kin san babanki. Kunya za ta sa ya ce tsautsayi ne, ya rufe abin gaba ɗaya."

"To karatun Alhamis fa?"

"Ina fita ta gaba da Alƙur'anina a hannu, in gaishe shi, in zagaya ta lungun masu wanki, in shigo ta kicin. Malama ta ɗauka ciwon gwiwa ne ya hana ni zuwa. Har man shafawa ta aiko min."

Wening ta yi dariya cikin hawaye, dariyar ta sake komawa kuka.

"Shekara ɗaya da rabi a kan buhun nan," in ji Bu Sumirah. "Murya kawai. Ban taɓa leƙawa ba, don zai hango ni a gilashi. Muryarsa ta yi kauri, Nduk. In ya yi tari sai in kwana ina tunani." Ta murza bakin zaninta. "Akwai hotonsa a ciki?"

"Akwai."

"Ya rame?"

"Ya yi baƙi. Bai rame ba."

"Kunnen nan nasa?"

"Yana nan a karkace."

Uwar ta gyaɗa kai sau da yawa, kamar an ba ta labarin da zai ishe ta wata guda.

Nan ne haushi ya taso wa Wening, irin haushin da ke zuwa wa mutum in tausayi ya yi masa yawa.

"To in kin sani, me ya sa kika rufe ta? Bu, kwana casa'in da takwas yana kira. Kina jin Pakdhe yana cewa bai taɓa aiko da gaisuwa ba, kina ninke kwali. Na ce ba ni da lambarsa, kika bar ni ina cin kaina, alhali ga shi nan a ƙarƙashin zani."

"Na san yana kira. Duk Alhamis ina zuwa in zauna a nan."

"A gaban abu a kashe?"

"A gaban abu a kashe."

"Don me?"

Bu Sumirah ta ɗaga ido ta dubi hoton mijinta a gilashi.

"Nduk, a gidan nan babanki ya rasu. A masallaci ya rasu, a kasuwa ya rasu, a wurin Pakdhenki ya rasu. Duk inda na sa ƙafa gaisuwar mutuwa ake min. Wuri ɗaya ya rage a duniya da yake da rai, yana shan tabarsa, yana taurin kansa. A wurin Danang. In na ɗaga zanen nan, can ma ya rasu. Kuma ni ce zan faɗa. Shekara shida ban ga ɗana ba, ranar da zan gan shi in buɗe baki da wannan?"

"Ba hutawa yake yi ba, Bu. Zato yake Bapak ya sake korarsa."

"Ƙarya kike."

"Na karanta. Ya ce in fushi ne, ba sai an yi masa magana ba, a kunna kawai ya ga ɗakin."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Ta dafa bango. Ita a tunaninta shiru ta bar wa ɗanta, shirun da zai cika da wutar unguwa ko lalacewar na'ura. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa da tsohuwar korar zai cika shi ba.

"Ya aske gemu ranar Sallah saboda ke," in ji Wening. "Bapak ya yi masa alkawarin zai zaunar da ke a kujerar nan."

"Ni?"

"Ke. Da Pakdhe a tsaye yana kallo. A rubuce yake."

Bu Sumirah ta dubi agogon shago. Huɗu da minti ashirin da shida, kuma yau Alhamis ce.

"Zare ta."

"Bu."

"Ban shirya ba, Nduk. Dubi kayan jikina, warin albasa nake. Ki bari sai Alhamis mai zuwa, bayan an yi addu'a, in na samu abin da zan ce."

"Alhamis mai zuwa an riga an raba littafin."

"Na ce ki zare."

Wening ta miƙe. Soket ɗin yana ƙasan tebur, bayan ƙafar kujera. Ta durƙusa, ta kama kan wayar wutar. Ba ta ja ba, kuma uwar ba ta sake cewa ta ja ba. Haka suka tsaya su biyu, ɗaya a durƙushe, ɗaya a kan buhu, kowace tana jiran 'yar'uwarta ta ɗauke mata nauyin.

Aka yi sallama. Ƙofar shago ta buɗe.

"Masu rumfar nan ba su da kunya," in ji Pakdhe Marsudi, yana kakkaɓe ruwa daga ƙafar wandonsa. "Wai sai ruwa ya janye. Na ce musu ruwan Pekalongan ya taɓa janyewa don wani? A'a, har ya fito? Ashe dabarar ta yi. Ke kuma me kike nema a ƙarƙashin tebur?"

"Fensir ne ya faɗi, Pakdhe."

"Matsa in gani."

Shi ba ruwansa da matashi mai lotsawa. Ya ja kujerar ƙaninsa ya zauna daram. Ya laluba aljihu bai ji tabarau ɗinsa ba, ya ɗauki na marigayi ya maƙala. Da baƙar hular da tabarau ɗin, Wening sai da ta kau da kai, domin 'yan gida ɗaya ne kuma tsufa ya ƙara haɗa kamanninsu.

Ya matso da fuska dab da gilashin, yana bin shafin dama da yatsa.

"Sumirah, mata. Daidai. Sannan..." Yatsan ya tsaya. "Mene ne wannan?"

Wening ta manta. Tun daren Lahadi, kafin laftop ya faɗi, ta rubuta shi don ta ga yadda zai zauna a wurin. *Danang Prasojo, ɗa.*

"Ba na ce ba za a rubuta ba?"

"Pakdhe, akwai abin da ya kamata ka karanta tukuna."

"Na karanta, shi ya sa nake magana. Goge."

"Mas Marsudi," in ji Bu Sumirah daga bakin labule.

"Dik Sum, kada ki sa baki. Ba ƙin yaron nake ba, ni na yi masa huɗuba a kunne. Amma mamaci ba shi da bakin kare maganarsa, sai mu. In Suwarso yana son sunan nan a ƙarƙashin nasa, da ya nemi ɗansa yana da rai. Shekara shida yana da baki, yana da hannu, ga na'ura a gabansa. Ya nema?"

Wening ta ari fuskar, amma ba ta kashe mai fuskar ba. Duk wannan lokacin kwamfutar Bapak tana nan a farke a bayan hotonsa, da 'yar kyamararta a saman gilashi, da 'yar sifikarta a jone.

Sifikar ta yi ƙara.

Pakdhe ya ja baya. "Me na taɓa?"

Ta sake yin ƙara. Babu abin da ya motsa a gilashin, hoton marigayi ne kawai yana kallonsu da baƙar hularsa. Sannan ƙarar ta yanke, aka ji huci kamar na iska, da dukan inji can nesa.

"Pak?"

Bu Sumirah ta miƙe tsaye daga kan buhun.

"Pak, ka kunna." Muryar Danang ce, tana dariya, tana neman yin kuka. "Alhamdu lillahi. Hoton bai washe ba tukuna, amma ina ganin hularka. Kada ka kashe, don Allah. Duk abin da na yi, ka yafe min. Ba sai ka ce komai ba."

Pakdhe Marsudi ya sake matso da fuska dab da gilashin. Yatsansa yana nan a kan sunan da ya ce a goge.

"Pak, ka rame ne? Matsa baya kaɗan in..." Muryar ta tsaya. "Pakdhe?"



"Pakdhe, me kake yi a kujerar Bapak? Wa ke bayanka? Wening, ke ce? Bu... Bu, ke ce a bakin labule?"

"Ni ce, Le," in ji Bu Sumirah. Ta tako har gaban gilashin tana neman ɗanta, ba ta ganin kowa sai mijinta. "Nduk, danna abin nan. Danna in gan shi."

Wening ta kai yatsa kan maɓallin gefe.

"Bu, tsaya," in ji muryar, a hankali yanzu. "Waɗancan na bayanku, tabarmin masallaci ne. Na san igiyarsu."

Yatsan Wening ya kasa dannawa.

"Bu, wa ya rasu?"